Wuri Ba Gunki Ba Ne: Martani Ga Masu Ƙona Kayan Kakanninmu

 

Ya ku 'yan'uwa mazauna zango, na Kumasi da na Akra, na Tamale da na Wa, da duk inda wannan rubutu ya riske ku, akwai wata fitina da ta shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan ba tare da hayaniya ba, shi ya sa manya suka daɗe ba su tanka ba. Yaro ya je ya saurari wa'azi, ko ya kalli guntun bidiyo a waya, ya dawo gida ya tarar da ƙwaryar kakarsa mai adon wuri a rataye, ko tsohuwar jakar fata da aka jera wa wuri a baki, ko tukunyar da ke cike da wuri tun zamanin fatauci tana ajiye a ƙarƙashin gado. Sai ya ce shirka ce. A fasa, a ƙona, abin da wuta ta ƙi ci a zuba a kwata. Tsohuwa ta yi kuka, a ce mata Shaiɗan ne ya kama zuciyarta. Irin wannan ƙorafi ya iso zauren maigida ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma mu da ke riƙe da alƙalami a zauren mu ne ke rubuta shi. Ba za mu ambaci gida ko suna ba. Amma mun ga shirunmu ya soma kama da amincewa, alhali ba mu amince ba.

Wurin da muke magana a kai shi ne farin wuri, ɗan ƙwanson nan na teku mai baki da haƙora, wanda Larabawa ke kira wada'a. Tambayarmu ta farko ga mai ƙona shi ita ce: me kake kira abin da ke aljihunka? Za ka ce kuɗi. To kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Guda ɗaya wuri, da yawa kuɗi. Duk sanda ka ce kuɗin makaranta, ko kuɗin kujerar Makka, ko ka tsaya bayan sallar Juma'a kana neman kuɗin ginin masallaci, sunan wannan ɗan ƙwanso kake kira. Ƙasar da muke zaune a cikinta ma haka ta yi. Lokacin da Ghana ta bar fam ta yi sabon kuɗi a 1965, sai ta sa masa suna sidi, daga kalmar Akan da ke nufin wuri, kuma tsofaffin cikinmu sun riƙe sulallan sidi masu hoton wuri a jikinsu. Ba mu ji wanda ya ƙi karɓar su a faifan sadaka ba.

Ga kuma asalinsa, tun da masu hukunta shi ba su damu su tambaya ba. Wurin da ya fara cika kasuwanninmu daga tsibiran Maldib yake fitowa, can cikin Tekun Indiya, ƙasar da mutanenta suka musulunta tun ƙarni na 12. Su ne ke tattara shi daga ruwa mara zurfi, su binne shi a rairayi har naman cikinsa ya ruɓe, su wanke, ya rage ƙashi fari. Ibnu Baɗuɗa, malamin Tanja ɗan mazhabar Malikiyya, ya zauna a tsibiran wajen 1343 zuwa 1344 har ya yi musu alƙalanci. Ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinarin zinariya ɗaya. Bayan shekaru kusan goma ya ƙetare Sahara ya iske wannan wuri a Mali da Gawo, ana ba da 1,150 a kan dinari. Mutum ne mai tsanani, wanda bai bar abin da ya gani na saɓon shari'a ba sai da ya faɗa, daga shigar mata har al'adun fada. Game da wuri kuwa, farashinsa ya rubuta, kamar yadda ɗan kasuwa zai rubuta farashin gishiri.

A ƙasar Hausa, Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa. Da Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza wuri 2,500 da dalar azurfa guda, kuma kuɗin ƙasa da magidanci ke biya shi ma 2,500 ne. A bakin teku shirya wuri ake yi a zare, amma a kasuwannin Hausa a warwatse yake, sai an zauna an ƙirga shi biyar-biyar da yatsu. Daga nan muka sami kalmomin da yanzu sai a bakin tsofaffi: hauya ashirin, zangu ɗari, keso dubu ashirin, wato kayan mutum guda. A lura da shekarar. A 1851 Kano tana ƙarƙashin tutar Sakkwato, kusan shekara hamsin bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Waɗannan bayin Allah sun yaƙi bautar itatuwa da duwatsu, sun yi rubutu a kan bori da tsafi, ba su sassauta wa sarakuna ba. Amma da wuri aka ci gaba da biyan haraji a daularsu, da shi aka ƙimanta sadakin aure, da shi aka sayi takarda da tawada aka rubuta littattafan da yau ake ɗauko mana hujja daga cikinsu. Shin dukkan alƙalan Sakkwato da Gwandu da Kano da Zazzau ba su gane shirka ba, sai da aka ƙirƙiro wayar hannu?

Ba mu zo mu ɓoye gaskiya ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai hadisin Uƙbatu ɗan Amir da Imamu Ahmad ya ruwaito, wanda ya ambaci wada'a da sunanta, ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya rataya ta. Mun karanta shi a gaban malamanmu tun muna samari. Larabawan jahiliyya suna rataya wa yaransu wuri don tsoron kambun baka, kuma mu ma a zangunanmu akwai matan da ke ɗaura wa jariri ƙwayar wuri a ƙugu ko a wuyan hannu da wannan niyya. Akwai masu watsa wuri a tabarma su ce suna ganin gobe. Wannan duka ɓata ne, kuma wanda ya hana shi ya yi daidai. Mu ma muna hanawa.

Sai dai almajirin da ya zauna ya karanci fiƙihu, ko da Iziyya da Risala ne kawai, ya san hukunci yana bin dalilinsa. Abin da aka hana shi ne jingina zuciya ga ƙwanso, a ɗauka yana tunkuɗe cuta ko yana jawo arziki. An yi irin wannan hani a kan zare da tsirkiyar baka da zoben tagulla, amma ba wanda ya haramta ɗinki ko ƙira. Boka yana bugun ƙasa ya yi duba, ba mu ji an ce a daina taimama ba. Akwai ma masu duba da carbi. Caca kanta da wuri kakanninmu suka san ta, ana watsa shi a ga wanda ya kife da wanda ya faɗi rigingine, yau kuma samarinmu da sidi suke yin ta a shagunan caca na ƙwallo da suka cika bakin titi. Wa ya taɓa ƙona sidi saboda haka? Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, ya nuna a Mudawwana cewa ko fatu mutane suka yarda su mayar kuɗi a tsakaninsu, hukuncin canjin kuɗi zai hau kansu. Ma'ana, abin da jama'a suka yi ittifaƙi a kansa shi ke ba abu matsayinsa. Jama'armu kuwa sun yi ittifaƙi shekara ɗari biyu cewa wuri kuɗi ne, da ya daina ciniki kuma suka mayar da shi ado.

Za su ce ai maƙwabtanmu suna sa shi a wuraren tsafinsu, riƙe shi kamanceceniya ce da su. Gaskiya ne bokayen Yarabawa suna duba da wuri goma sha shida, gaskiya ne kuma ana ganinsa a jikin kayan tsafi daga nan har Kwatano. Amma kamanceceniyar da aka hana tana kan abin da ya keɓanta da wani addini har ya zama alamarsa. Bari mu kawo misali daga tekun da wurin ya fito. A Bangala, ƙasar da ta daɗe tana ba mutanen Maldib shinkafa ta karɓi wuri, akwai wata babbar farar katantanwar teku da suke kira shanka. A tsohon birnin Dhaka unguwa guda ce ta masu sana'arta, Shankhari Bazar, inda suke yanka ta su sassaƙa awarwaron da matar aure Bahindiya ke sawa muddin mijinta na raye, kuma ana busa ta a ɗakunan bautarsu. Wannan alamar addini ce, Musulmin Bangala ya san ba tasa ba ce. Wuri kuwa da Bahinde da Musulmi duk sun sayi shinkafa da shi a kasuwa ɗaya. Haka yake a nan. Dagarti na yankin Wa har yau suna sa wuri cikin dukiyar aure, Kiristansu da mai bin gargajiya, domin a wurinsu dukiya ce ta iyaye. Gini ta taɓa kiran ƙaramin kuɗinta da sunansa a zamanin Seku Ture. Abin da kowa ya taɓa, ya ƙirga, ya ci bashi da shi, ba ya zama tutar addinin wani.

In akwai abin da ya cancanci hawaye a tarihin wuri, ba shi ne wanda masu ƙonawa ke faɗa ba. Jiragen Holan da na Ingila sun kwaso wuri fiye da biliyan 10 a ƙarni na 18 kaɗai, suka sauke a tashoshin bakin teku irin su Wida, suka loda 'ya'yan mutane a madadinsa. A Salga, inda kakanninmu suka sayi goro, an sayar da bayi, kuma da wuri aka yi cinikin da yawa daga cikinsu. Wannan nauyi ne a wuyanmu, kuma ba a sauke shi da ashana. Wanda ya zubar da tukunyar ya zubar da abin da zai sa jikansa ya yi tambaya.

Mu dawo kan sana'ar kanta, domin masu raina ta ba su taɓa zama kusa da mai yin ta ba. Wuri ba ya ɗinkuwa yadda ya fito daga teku, bayansa a tudu yake kamar ƙwai. Sai an fasa bayan a hankali, an goga shi a dutse har ya kwanta, ramin ya buɗe, zare ko tsinken fata ya sami hanya. In aka matsa ya tarwatse, in aka yi sakaci gefen ya yi kaifi ya yanke zaren bayan 'yan watanni. Sannan a zaɓe su tsara-tsara, domin jeri ɗaya ba ya kyau sai ƙwayoyin sun yi kai ɗaya. Baduku yana kwantar da su baki a sama, haƙoran suna kallon mai kallo, ya soka ta kan guda ya fito ta gindinsa, ya kama na gaba, har jerin ya zagaye bakin jaka ko kuben wuƙa ba tare da an ga inda ya fara ba. Fari a kan jar fata, ko a kan baƙin saƙi da ya sha baba. Mata kuma suna jera shi a gefen faifai da murfin ƙwarya, Fulani suna kitsa shi a gashin 'yan mata, makaɗa suna yi wa gurmi da garaya ado da shi. Tsohon wuri da ya sha hannu yana da launin madara da ta soma tsami, yana da santsi da sanyi a tafin hannu, in ka zuba shi yana da amon da roba ba ta iya kwaikwayo. Masu ido suna bambanta ɗan ƙaramin na Maldib da na Zanzibar mai zoben rawaya a baya, wanda 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgewa a bakin tekunmu daga wajen 1845 har darajar wuri ta faɗi, ya kai ga fatake suna biyan 'yan alaro abin da ya kusa cinye kayan da suka ɗauko. Wato ko a ƙwarya ɗaya mai sani yana iya karanta zamani biyu.

Me ya sa iyayenmu mata suka yi ado da shi? Saboda dalilin da ya sa 'ya'yansu suka huda sulallan azurfa suka rataya a wuya, kuma jikokinsu ke liƙa sabbin takardun sidi a goshin amarya. Nuna wadata ne. Da Turawan Ingila suka hana shigo da wuri Najeriya a 1904, Faransawa kuma suka daina karɓarsa a haraji bayan 'yan shekaru, mutane da yawa sun wayi gari da tukwanen dukiyar da gwamnati ta ce ba dukiya ba ce. Ba wanda ya canza musu ita yadda ya kamata. Matar da ta tara wuri shekara ashirin tana sayar da fura da ƙosai, me za ta yi da shi? Ta ɗinka a kayan ɗakin 'yarta. Abin da jikanta yake kira gunki, guminta ne.

A nan maganar ta fi shafarmu mu 'yan zango fiye da ɗan'uwanmu na Kano ko Damagaram. Shi ba wanda zai tsayar da shi ya ce yaushe ka zo. Mu kuwa ana tambayarmu, a ofishin katin ɗan ƙasa, a wajen fasfo, a lokacin zaɓe. Waɗanda suka haura sittin a cikinmu sun ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashi mutane a manyan motoci, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da jakuna tun kafin a zana iyakar da ake tambayarmu a kanta. Sun zauna a Salga har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, suka bazu Kete-Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ya bar mana rubutu, amma gidaje nawa ne suka gaji rubutu? Mafi yawanmu abin da muka gada shi ne tsohon Alƙur'ani a gafaka, da takobi, da tukunyar wuri. A cikin Asante garin zinariya ne kuɗi, wuri kuɗin kasuwannin arewa ne, na hanyar goro. Gidan zangon da ke da tukunyar wuri ta gado yana riƙe da shaidar cewa mutanensa sun yi ciniki a ƙasar nan tun ba a san fam ba, balle sidi. Kotu ba za ta karɓe ta a matsayin takarda ba, mun sani. Amma yaron da ya tashi yana ganinta ba ya sunkuyar da kai in aka ce masa baƙo.

Abin takaici, wanda bai ƙona ba sayarwa yake yi. Dillalai suna zagaya gidaje, sun san ranar da aka yi rasuwa, sun san lokacin da magada ke neman kuɗin sadakar bakwai. Su karɓi jakar da ta shekara ɗari a kan abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, gobe ka gan ta a shagon masu yawon buɗe ido a Akra an rubuta mata sunan wata ƙabila dabam. Wa'azin rashin sani shi ke karya musu farashi, domin wanda aka gaya wa kayansa najasa ne ba ya tsayawa ciniki. A lokaci guda kuma 'yan matanmu suna sayen wurin roba da aka ƙera a masana'antun ƙetare suna sawa a kitso, saboda sun ga mawaƙan Amurka sun sa. Na kakarsu ya tafi kwata, na roba ya hau kai.

Kuma ina masu wannan zafin suke game da bokayen gaske? Ku buɗe Facebook da TikTok ku gani. Ga su nan da rawani da carbi, da sunan malam, suna watsa wuri a gaban kyamara, suna alkawarin ninka kuɗi da mallakar miji da bizar Turai, lambar wayarsu a rubuce a ƙasa. Allunansu suna kafe a bakin hanyoyin garuruwanmu. Su ne suka ɓata sunan zango har wasu maƙwabtanmu in sun ji an ce malam sai su ɗauka mai tsibbu ake nufi. Waɗannan suna da magoya baya da 'yan kore, tunkararsu tana da tsada. Tsohuwa mai shekara tamanin kuwa ba ta da kowa sai Allah. An bar jaki ana dukan taiki. Sannan wace aya ce ta ba ɗa izinin ɓarnata dukiyar mahaifiyarsa ba da yardarta ba? Wanda aka hana ya furta wa iyayensa kalmar ƙosawa mafi ƙanƙanta, shi ne zai fasa musu ƙwarya a tsakar gida, jikoki suna kallo? In ma kayan marigayi ne, ai gado ne, akwai haƙƙin marayu da na mata a ciki, kuma wanda ya lalata sai ya biya.

Ga abin da muke roƙo, da yawun maigida da dattawan da ke zama tare da shi. Samarinmu, in kun ga wuri ɗaure a jikin jariri, ku tambayi uwar da ladabi me ta nufa. In ta ce tsari ne, ku zaunar da ita ku karantar da ita addu'o'in da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar a yi wa yara, ta kwance da hannunta. In kun ga shi a ƙwarya ko jaka ko tukunya, ku tambayi tsohuwar wa ya ba ta, daga wane gari, a wace tafiya, ku ɗauki muryarta a wayar nan taku tun tana da rai. Malamanmu masu hawa mumbari, ku riƙa rarrabe magana, domin yaro ba ya jin sharaɗi in ba a nanata masa ba. Wanda kuma zuciyarsa ta ƙi natsuwa da zaman abin a ɗakinsa, ba mu tilasta masa ba. Ya kawo zauren maigida bayan sallar La'asar, kowace rana ban da Juma'a. Za mu ƙirga a gabansa, mu rubuta sunan gidan da sunan mai shi na asali da garin da ya fito a littafi, mu ba shi takardar shaida, a ajiye a matsayin amana har ranar da wani daga zuriyar zai zo nema.